GANI YA KORI JI: AGOGON INJI DA ZARTON YANKAN KATAKO

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwar katako na unguwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen wata. Mun buga shi kamar yadda ya karanta, saboda 'yan'uwa da ba su sami halarta ba.)



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah Ya ja zamaninka. Malam Liman, Allah Ya gafarta Malam. Shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayenmu dattawa, 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, da kuma 'ya'yanmu samari masu shiga daji, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro iyali lafiya.

Bayan haka, shugaba ne ya nemi mu 'yan layin katako mu tashi mu yi bayani a kan wata rigima da ta yawaita a zauren Sarki, wato rigimar mai inji da yaronsa. Tun farko muna neman afuwa, domin mu karatunmu na Islamiyya ne, sauran kuma kasuwa ce ta koya mana. Abin da za mu faɗa yau da asara muka saye shi, shi ya sa ba mu son wani ɗan'uwa ya sake biyan kuɗin da muka riga muka biya.

Asalin rigimar

Kamar yadda kowa ya sani, tun da aka kafa Sabon nan na Ibadan a 1916, da goro da shanu aka san kakanninmu. Yau kuwa, alhamdu lillahi, sana'o'i sun ƙaru, kuma katako na cikinsu. Wasunmu na saye a Bodija su loda zuwa Kano da Sakkwato da Katsina, wasu kuma sun ga ya fi musu su sayi injin zarto su damƙa wa yaro, ya shiga ƙauyukan kurmi ya yanko loko da afara da malaina, a raba abin da Allah Ya kawo.

To, a nan ne matsalar take. Inji zai yi wata biyu ko uku yana aiki, sai a wayi gari an dawo da shi a buhu, an ce ya buga. Maigida ya ce yaro ne ya cinye kuɗin man haɗi. Yaro ya yi rantsuwa ya ce ya zuba. Bakanike ya ce fetur ne mara kyau. Babu shaida, babu mai gaskata wani, sai a ɗunguma zuwa wajen Sarki. A da akan haɗiye asarar, amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, Naira kuma ta faɗi a watan da ya biyo baya, kuɗin fistan da silinda ya kai inda mutum ba ya iya yin shiru, tun da duk daga waje ake shigo da su.

Bari mu fara da kanmu. A rani guda mun yi asarar inji biyu a hannun yaro ɗaya, ɗan wani mutumin garinmu ne da aka ba mu amanarsa. Muka tuhume shi da cin kuɗin mai, muka sallame shi, har mahaifinsa ya daina amsa gaisuwarmu. Muka ɗauki wani yaron, muka riƙa haɗa man da hannunmu a jarka kafin ya tafi. Wallahi, jama'a, ba a yi sati shida ba inji na uku ya buga. Nan ne jikinmu ya yi sanyi. Aka kai mu wajen wani dattijon bakanike Bayarabe wanda ya taɓa aiki a kamfanin katako. Ya kwance salansa ya nuna mana fistan, duk ya kankare ta wajen da hayaƙi ke fita. Ya ce mu kawo injin da ya rage mana. Ya tayar da shi, ya ɗauko wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba ya kara kusa da fulogi. Littafin injin ya ce kada ya wuce juyi 13,500 a minti ɗaya, na'urar nan kuwa sai ga ta ta haura 15,000. Ashe duk injinanmu wuri ɗaya muke kai su saiti, wajen mai saiti da kunne, wanda ke matse su har sai sun yi kukan da ke faranta wa mai inji rai. Yaron nan bai ci mana ko kwabo ba. Sai da muka ɗauki dattawa biyu muka je har gida muka nemi gafarar mahaifinsa.

Wannan na'ura ita ce takomita, mu a layi muna ce mata agogon inji. A kanta za mu yi magana.

Abin da ke kashe injin zarto

Kafin a gane amfanin agogon, sai an san yadda injin yake. Injin zarto ba shi da tukunyar baƙin mai irin ta mota ko janareta babba. Man da ke shafe fistan da ringi da boris a cikin fetur ake haɗa shi, wato man tu-ti. Kamfanin Stihl ya ce in da mansa ne, kashi 1 na mai a cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 100 a lita 5. Tsofaffin littattafansa sun ce in wani man tu-ti ne daban, a yi 1 cikin 25. Abin lura a nan shi ne, duk man da zai isa ga fistan ta kafireta yake bi tare da fetur. Kuma fetur ɗin nan da ke shiga yana taimakawa wajen sanyaya inji. Saboda haka wanda ya rage wa inji fetur a kafireta, ya rage masa man shafawa, ya kuma ƙara masa zafi, duk a lokaci guda, ko da kuwa haɗin da ke cikin tanki daidai yake. Kun ji inda muka zalunci yaron mutane.

A jikin kafireta akwai sukuru uku. Na farko an rubuta masa L, shi ke ba da mai a sulo da lokacin da aka fara jan totur. Na biyu H, shi ke ba da mai idan an ja totur har ƙarshe. Na uku T, a injinan Stihl kuma LA ake rubutawa, shi aikinsa ɗaga sulo ko sauke shi. L da H allurai ne masu tsini. In aka murɗa su dama, wato aka matse, mai ya ragu. In aka murɗa hagu, aka sassauta, mai ya ƙaru.

H ɗin nan shi ne mai kisa. Idan aka matse shi, gudun inji na ƙaruwa, muryarsa ta yi siriri ta yi kaifi, hayaƙi ya ragu, fetur ya daɗe a tanki. Duk abin da mai inji ke so ke nan ya gani, shi ya sa yake tafiya yana sa wa bakanike albarka. Amma a ciki fistan na gasuwa. Fistan na alminiyam ne, in ya yi zafi ya kumbura sai ya goga jikin silinda, ya narke ya manne, ringi ya maƙale. Shi ke nan, an buga. In kuma aka sassauta H fiye da kima, inji zai yi ta hayaƙi, ya rasa ƙarfi, fulogi ya yi baƙi, fetur ya ƙare da wuri. Wannan ma asara ce, amma mai sauƙi, domin inji na nan da ransa. Tsakanin waɗannan biyun tazarar kaɗan ce ƙwarai, wani lokaci ba ta wuce kwatan murɗi ba.

Masu saiti da kunne suna da abin da suke saurara, kuma gaskiya ne. Injin da ke samun isasshen mai, in an ja totur ba a cikin itace ba, za ka ji muryarsa na ɗan gargada, kamar yana tuntuɓe, da ya shiga itace kuma sai ta washe. Tsohon hannu na iya jin wannan. Amma ku duba, juyi 13,500 a minti ɗaya daidai yake da juyi 225 a daƙiƙa ɗaya. Wane kunne ne zai rantse a kan bambancin 13,500 da 14,300, a bakin titi, ga janareta na ƙara, ga kunnen ma ya shekara goma yana shan kukan zarto? Mu 'yan kasuwa hatsi da mudu muke aunawa, yadi da awo, nama da sikeli, goro kuma ƙirga shi ake yi. Sai inji, wanda ya fi su duka tsada, shi ne muka bar wa kintace.

Yadda za a zaɓi agogo

Injin zarto silinda ɗaya gare shi, kuma duk juyi ɗaya fulogi na ba da wuta sau ɗaya. Agogon inji wutar nan yake ƙirgawa, ya nuna maka yawan juyi a minti. Irin da muka gani a kasuwa sun kasu kamar haka.

Na ɗaya, mai waya. Ana naɗa 'yar wayarsa sau huɗu ko biyar a jikin wayar fulogi, ko a maƙala ta da ɗan maƙali. Ya fi araha, kuma da yawansu na ƙirga awowin da inji ya yi yana aiki, abin da zai amfani maigidan da ba ya shiga daji. Aibinsu biyu ne. Wasu a rufe suke ruf, in batir ya mutu sai a yar. Wasu kuma suna da nawa, sai bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu lamba ke canzawa.

Na biyu, mara waya, wanda ake karawa kusa da murfin fulogi kawai ya ɗauka. Shi ne na masu gyara, domin a minti kaɗan za ka auna inji biyar ba ka kwance komai ba. Stihl na da nasa mai suna EDT 9, akwai kuma na kamfanin Oppama na ƙasar Japan. Sun fi tsada, amma suna da sauri.

Na uku, mai haske, wanda ake manna farar takarda mai ƙyalli a jikin abin da ke juyawa a haska ta. Wannan yana da kyau ga injin niƙa ko famfon ruwa, amma kada a saya don zarto. Abubuwan da ke juyawa a zarto a rufe suke, wanda kuma ya cire murfi don ya haska, hannunsa ya kai kusa da sarƙa.

Akwai kuma wanda ake ɗorawa a jikin inji wata 'yar waya ta riƙa karkarwa, da manhajar wayar salula mai sauraren ƙara. Waɗannan sa iya ba ka kusan-kusan, amma mu ba kusan-kusan muke nema ba.

Duk wanda za ka saya, ka duba abu huɗu. Ya zama yana iya ƙirgawa har 20,000 ko sama, domin agogon mota da ke tsayawa a 8,000 ba shi da amfani a nan. Ya zama lambarsa na canzawa da sauri, kamar rabin daƙiƙa, saboda ba a riƙe totur a ƙarshe na tsawon lokaci, agogo mai nawa kuwa zai sa ka riƙe. Ya zama ana iya canza masa batir. Sannan ya zama yana da saitin wuta ɗaya a juyi ɗaya. Ka je shagon da injinka, a gwada a gabanka. Araha ba ta ado, amma ko mai kyan ma kuɗinsa bai kai na fistan da silinda na asali na babban inji ba.

Wannan batu na saiti, don Allah a riƙe shi da kyau. Agogo ɗaya akan yi shi don injina iri-iri. In aka bar shi a saitin injin da ke ba da wuta sau ɗaya a juyi biyu, zai ninka maka lamba. In aka bar shi a saitin wuta biyu a juyi ɗaya, zai raba lambar biyu, inji na 13,000 ya nuna maka 6,500, kai kuma ka yi ta matse H kana neman lambar littafi, ka kashe inji da hannunka da agogo a gabanka. Gwajin mai sauƙi ne. Ka auna a sulo tukuna. Yawancin injinan zamani sulonsu na tsakanin 2,500 da 3,000. In ka ga 1,300 ko 5,500 alhali inji na zaune lafiya, agogon ne ba a saita ba.

Kowane inji da lambarsa

Agogo ba zai gaya maka inda za ka tsaya ba, littafin injin ne ke faɗa. Misali, Husqvarna 372XP sulonsa 2,700, iyakar gudunsa 13,500. Shi kuwa babban nan Stihl 070, wanda yaranmu suka fi so wajen tsaga katako, mai girman silinda kusan 106, tsohon ƙira ne mai tafiya a hankali. Ƙarfinsa a wajen juyi 7,000 yake, kuma iyakarsa a kusa da 8,000. Yana ma da gwamna mai aiki da iskar fanka, wanda ke tare shi in ya nemi wuce gona da iri. Wanda ya cire gwamnan nan don inji ya ƙara kuka, ko ya nemi 070 ya yi gudun ƙaramin inji, ya haƙa masa kabari. Haka kuma kasuwa cike take da kwaikwayon 070 da wasunsa, masu kala ɗaya da na asali. Irin waɗannan a riƙa barin su ƙasa da lambar na asali, domin ƙarfensu ba ɗaya ba ne.

Saboda haka duk mai sayen inji ya karɓi littafinsa. In na hannu ne babu littafi, a sa yaran da suka yi boko su nemo shi a intanet da lambar injin, kamfanonin na sakawa kyauta. A rubuta lambobin biyu, ta sulo da ta ƙarshe, a ajiye.

Kuma a sani, lambar ƙarshen nan iyaka ce da ake aunawa inji na wofi. In ya shiga itace gudunsa kan sauko, irin su 372XP zuwa wajen 9,000 ko 10,000, kuma a nan ƙarfinsa yake. Kukan da yake yi a iska ba ya yanka ko reshe.

Yadda ake saitin

Na farko, a gyara komai kafin a taɓa sukuru. A wanke matatar iska ta bushe. Wannan wajibi ne, domin matata mai datti na tare iska, in ka yi saiti a kanta sannan yaro ya wanke ta a daji, iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, ka koma gidan jiya. A duba fulogi, a zuba sabon haɗi tanki ya wuce rabi, a ɗaura biledi da sarƙa a ɗaure ta daidai. Ba a auna gudun ƙarshe ba tare da biledi da sarƙa ba.

Na biyu, a nemi fili, a kori yara. Mutum biyu ake so, ɗaya ya riƙe inji da hannu biyu a ƙasa mai tauri, ɗaya ya riƙe agogo da sukundireba ta bayan injin. Kada kowa ya tsaya ta gaban biledi, kuma babu babbar riga ko rawani mai reto a wurin. A tuna 070 ba shi da birkin sarƙa.

Na uku, in an riga an dagula sukurun, a mayar da su mafari. A injina da yawa na da, akan matse L da H a hankali har su taɓa, sannan a sassauta kowanne murɗi ɗaya, amma a bi abin da littafi ya ce. Kada a danne allura da ƙarfi, tana lalata mazauninta. Sababbin injina kuma akwai 'yan hulunan roba a kan sukurun da ke hana su wuce iyaka, a bar su inda suke.

Na huɗu, a tayar da inji a bar shi ya yi zafi, a yanka itace biyu ko uku. Saitin inji mai sanyi ƙarya ne.

Na biyar, a fara da L. A sulo, a matse shi kaɗan-kaɗan ana kallon agogo, lamba za ta hau sannan ta fara sauka. A dawo inda ta fi hawa, daga nan a sassauta kamar kwatan murɗi. A ja totur farat ɗaya, in inji ya yi jinkiri kamar zai mutu, a ƙara sassautawa kaɗan. Sannan a daidaita T ko LA har agogo ya nuna lambar sulo. Sharaɗi shi ne sarƙa ta tsaya cik a sulo. Injin da sarƙarsa ke tafiya a sulo kada ya shiga daji, ƙafar mutum yake nema.

Na shida, sai H. A fara daga wajen mai da yawa, ana jin gargadar nan. A ja totur har ƙarshe na daƙiƙa uku ko huɗu, a karanta, a saki. A matse kashi ɗaya cikin takwas na murɗi, a sake ja, a sake karantawa. Haka za a yi ta hawa a hankali. Mu a layinmu mukan tsaya da saura 300 zuwa 500 a kai lambar littafi. Injin da ke tsaga katako a tsawonsa kuwa, wanda ke daɗewa totur na ƙarshe ba hutu, a bar masa mai fiye da haka, domin shi ya fi kowa shan zafi.

Na bakwai, a koma a duba sulo, sannan a gwada a itace. Bayan aikin yini a kwance fulogi a duba. In kansa ƙasa-ƙasa ne, madalla. In ya yi fari ko toka-toka, mai ya yi kaɗan. In ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa.

Sabon inji kuma, littafin Stihl ya ce kada a ja masa totur har ƙarshe yana wofi sai ya sha tanki uku. Haka muke yi wa wanda aka sa wa sabon fistan.

Inda agogo ke iya ruɗa mutum

Ba mu ce agogo ya san komai ba. Akwai wurare uku da sai an haɗa da hankali.

Wasu injinan zamani kwayil ɗinsu na da iyaka, da inji ya kai wata lamba sai ya riƙa yanke wuta. A irin wannan, ko ka matse H har ina, agogo ba zai wuce lambar ba, sai dai ka ga tana tsalle, kuma yankewar wutar na kama da gargadar nan ta isasshen mai. Mutum sai ya ɗauka lafiya, alhali inji na ƙuna. Maganinsa shi ne abin da muka faɗa, a taso daga ƙasa, a tsaya kafin lamba ta fara tsalle.

Na biyu, inji mai shan iska ta ɓarauniyar hanya, ko ta sil ɗin karanshaf, ko robar da ke tsakanin kafireta da silinda, ko tiyon mai da ya tsage. Alamarsa, sulo ya ƙi zama wuri ɗaya, lamba na hawa tana sauka, ko ta canza in an karkata injin gefe. Wannan ba aikin sukundireba ba ne, a kashe shi a kai gyara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, akwai injinan da ke saita kansu da kwamfuta, Stihl na ce wa nasa M-Tronic, Husqvarna kuma AutoTune. Waɗannan ba su da H da L da za a murɗa, kada a bari kowa ya yi musu karambani.

Sannan yanayi na canza saiti. Iskar hunturu mai sanyi ta fi ta damina nauyi, sai mai ya yi wa inji kaɗan, ga kuma ƙura da ke toshe matata. Haka nan tudu da gangare. Jos ta haura mita 1,200 a sama da teku, iskarta ba ta kai ta nan kauri ba. Injin da aka saita a can, in aka sauko da shi kurmi ba a sake aunawa ba, mai zai yi masa kaɗan. Saboda haka a auna a farkon hunturu, a auna a farkon damina, a auna duk injin da ya zo daga wani gari ko ya fito daga hannun bakanike.

Shawararmu ga ƙungiya

Ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Ƙungiya ta sayi agogo biyu masu kyau daga asusunta, a damƙa su ga mutum biyu amintattu, a tura su wajen ƙwararren bakanike su koya. A buɗe littafi guda. Duk injin da za a ba yaro, a auna shi a gaban maigida da yaron, a rubuta ranar, da lambar inji, da sulo, da gudun ƙarshe, su biyun su sa hannu, a ɗiga fenti a kan sukurun H. Mai inji ya biya wani abu kaɗan don batir da ladan mai aunawa. In an dawo da inji ya buga, a duba fenti, a duba sauran man da ke tanki, a duba fistan, kafin a kira ɗan kowa ɓarawo.

Ku kuma iyayen gida, mu ji tsoron Allah. Wasunmu ne ke ƙorafin fetur na ƙarewa da wuri, har yaro ya je a matse masa kafireta don ya tsira daga faɗa. Kofin fetur da aka tsimi ba zai sayi silinda ba. A sayi man tu-ti na gaskiya, a daina zuba man mota a tanki.

Ku kuma samari, injin nan amana ce a hannunku, kuma shi ne jarinku na gobe. Ku bar gasar wanda injinsa ya fi kuka. In inji ya rage ci, ku fara wasa sarƙa, yawanci dakushewa ce, ku bar sukuru ya huta. Kada kuma wanda ya sa zarto a itace ba tare da takardar ma'aikatar gandun daji da yardar masu ƙasa ba. Mu baƙi ne a nan ko mun shekara ɗari, laifin mutum ɗaya kan shafi unguwa duka.

Yaron da muka ba ku labari, yau shi ke riƙe da agogonmu, shi ke auna injinan layinmu, kuma duk mai son gani ya same shi a rumfarmu ranar Asabar bayan la'asar, ya zo da injinsa da littafinsa.

Abin da muka faɗa daidai, Allah Ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure kuma masana su gyara mana. Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya tsare yaranmu a daji, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.